Na Ɓoye Gidana, Aka Mayar da Matata Kamaru

Ina gaishe ku, iyaye da 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya bar mu da rai har safiyar yau.

Sunana Ishaya. Tsofaffin tayoyin mota nake sayarwa a Kakuri, nan Kaduna. Ban gaji shago wurin kowa ba, da tayoyi huɗu na fara a bakin titi. Ni ba mai yawan magana ba ne a majami'a, don haka zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da inda na yi laifi.

A shekarun farko bayan sojoji sun miƙa mulki aka yi rikicin da kowa a ɗakin nan ya sani. Lokacin muna zaune a ƙetaren kogi, ni da ƙanena Luka. Luka bai mutu a kan hanya ba, a cikin gida aka kashe shi. Tambaya aka yi, wani ya nuna ƙofarmu da yatsa.

Bayan mun binne shi na dawo Mahuta na kama ɗaki biyu, na yi wa kaina doka: sunana ba zai sake hawa wata takarda da ke nuna inda nake kwana ba. Haya da baki muka yi da matar mai gidan. Takardar kuɗin wuta da sunan mijinta marigayi take zuwa. Ban tsaya nan ba, na bi layinmu ƙofa ƙofa na ce, duk baƙon da ya zo neman wani, amsa ɗaya ce: ba mu san shi ba. Kowa ya yarda, domin kowa yana da wanda ya binne. Ina jin daɗin wayona ƙwarai.

Sayen kaya ya kai ni Kamaru, can na haɗu da Marta. Aka ɗaura mana aure a coci a Garuwa, ta shigo ƙasar nan da bizar matar aure ta 'yan watanni. Kafin bizar ta ƙare, dole mu nema mata izinin zama, kuma dole mu nuna shaidar inda muke zaune.

A ofishin kula da baƙi, jami'in ya duba takardar aurenmu ya ce ta yi. Ya ce, "Takardar haya fa?" Babu. "Ta wuta ko ta ruwa da sunanka?" Babu.

Ya ce, "Malam Ishaya, a iska kake kwana? To, rubuta kwatance. Za a zo a gani da ido."

Na rubuta. Amma ban gaya wa maƙwabta ko ɗaya ba. Ba na son a san cewa takardun matata ba su cika ba. Na saba riƙe al'amarina a ciki.

Ran wata Talata na dawo daga shago da yamma, sai Mama Ladi, mai tuya ƙosai a bakin layinmu, ta tare ni tana haki.

"Ɗana, Allah ya tsare ka yau! Wani ya zo da kaftani da hula, riƙe da takarda, yana tambayar gidanka da na amarya. Na ce masa shekarata goma a nan, ban taɓa jin sunan ba."

Baba Ayuba, wanda ya yi aiki a masaƙa kafin a rufe ta, ya ce, "Ni ma ya tambaye ni. Na ce ya gwada Kudenda."

Suna dariya, suna jiran in gode musu. Marta tana asibiti wurin awon ciki a ranar. Nan take na gane daga ofishin kula da baƙi aka turo shi. Mutumin nan a gaban ƙofata ya tsaya, mutum biyar suka rantse masa babu ni.

Da na koma ofis, an riga an rubuta cewa adireshin ƙarya ne. A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na je wurin wani mai buga takardu, ya yi mini takardar wuta ta jabu da sunana. Na kai ta da hannuna, ni da nake zama a kujerar gaba ran Lahadi!

Jami'in ya ɗaga ta sau ɗaya ya ajiye. Ya ce, "Don cikin da matarka ke ɗauke da shi ba zan sa a rufe ka ba. Amma bizarta ta ƙare. Sati biyu, ta fita."

A tasha, cikinta wata shida, Marta ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Maigida, na bar gidan ubana na biyo ka. Ashe kai ba ka da gida."

Ina tsaye motar ta tashi da ita.

A can ta haihu, namiji. Kwana biyu ya yi a duniya. Wani direban babbar mota ne ya kawo mini labari bayan kwana tara. Ban ga fuskar ɗana ba. Ban ɗauke shi ba, ban san ko da wa ya yi kama ba. Ba zan tsaya nan in ce da a Kaduna aka haife shi da ya rayu ba, wannan Ubangiji kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, matata ta binne shi ba mijinta a gefenta, kuma ni na jawo.

Ranar da labarin ya zo, da tsakar rana, na ja ƙofar shago na durƙusa a tsakanin tayoyi. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Ya Yesu, tun mutuwar Luka ban dogara gare ka ba ko na kwana ɗaya. Da ɓuya na dogara. Ga abin da ɓuya ta saya mini. Idan akwai sauran hanya, ka nuna mini, zan bi ko da kunya."

Ban ji murya ba. Amma na tashi da sanin abin da zan yi, kuma tsoron da ya shekara uku a ƙirjina ya sauka.

Na je wurin matar mai gida muka rubuta yarjejeniyar haya, Fasto ya sa hannu. Mai unguwa ya ba ni wasiƙa. Na sayi fenti na rubuta cikakken sunana a ƙofa. Sannan na tara maƙwabta na gaya musu kome, har da takardar jabu.

Mama Ladi ta ɗora hannu a ka. "Wayyo! Ashe ni na kori amarya da bakina?"

Na ce, "Mama, ni na koya miki."

Tun rikicin ba ta ƙetare gadar kogi ba, ga shi ofishin a ƙetare yake. Ta ɗaura zane ta bi ni ofis, ita da Baba Ayuba. Mutumin da ya zo layinmu yana nan zaune. Ta durƙusa ta ce, "Yallaɓai, ƙarya na yi maka. Na san shi kamar ɗan cikina."

Ya ce, "Tashi, Mama. A Kakuri aka haife ni. Gidanmu ma yanzu babu shi, rikicin ya cinye shi. Na san abin da ya sa, amma abin da aka gaya mini shi zan rubuta."

Ya sake zuwa Mahuta. Mama Ladi ta bar ƙosanta a wuta ta raka shi har ƙofata.

An fara kome daga farko. Wata goma sha ɗaya Marta ta yi a waje. Ga ta can zaune cikin zumuntar mata, da izinin zamanta. Har yau akwai ranakun da ba ta magana, ni kuma ba na matsa mata. Amma ta dawo, ta kuma yafe mini. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Yesu da bai bar ni cikin wayona ba. 'Yan'uwa, na san da yawanmu muna ɗauke da tsoro, kuma ba a banza muka same shi ba. Ku kai masa shi tun yau, ku dogara gare shi. Kada ku jira sai ya ci muku abin da ya ci mini. Amin.