Toktosun da Bututun Murhunsa

A wata tashar mota a Bishkek, tsohon kafinta Toktosun na rungume da bututun murhun kwal. Wata mata ta dube shi.

"Baba, murhu a wannan zamanin? Shagonku ba hita?"

"Ɗana ya rataya shida a silin, 'yata. Wuta kaɗan suke ci, ɗumi har ƙashi."

"To, ina matsalar?"

"A ina za a ɗora butar shayi? Da, sanyi ke koro ma'aikata gindin murhu. Yanzu kowa na kan teburinsa!"

"Kai ne mai zama gindin murhun?"

"Shekara talatin."

"Ashe ba ɗumi ka rasa ba, Baba, masu sauraron labarinka ka rasa."

Ya gyara riƙon bututunsa. "Ke, motarki ba ta zo ba ne?"