Yusha'u Yana Gudu Ba Mai Korarsa

A tashar Kawo, cikin motar Zariya da ba ta cika ba, Safara'u ta rungume galan ɗin rubutu. Wani dattijo mai tumbi, da jakar ofis a cinya, ya tambaye ta ko lafiya.

"Ina fa lafiya, Alhaji! Ɗana Yusha'u zan ɗauko daga jami'a, yau zai bar karatun nan. An ce kullum da sassafe sai ya sa gajeren wando ya yi ta zagaye fili a guje, ba mai korarsa! Ai aljani ne ya shige shi!"

"Subhanallahi! Yana cin abinci?"

"Ci? Da ya zo hutu, malmala uku yake tashi da ita. Yaron da a da sai da lallashi!"

"Barci fa?"

"Ko ganga ake kaɗa masa."

"Jarrabawa?"

"Duk ya ci. Har ciwon kan nan nasa ya bar shi." Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Dattijon ya buga cinya yana dariya. "Hajiya, shekara ashirin ina kan kujerar ofis. Ga hawan jini, ga ciwon baya. Likita ya ce in riƙa tafiya a ƙasa, na ce girmana ya wuce nan. Don Allah in kin je, ki roƙi aljanin nan ya biyo ki Kaduna, ina jiransa!"

Safara'u ta dubi galan. "To, rubutun fa?"

"Ki ba shi bayan ya gama gudun. Zai ji ƙishirwa."