Bashin da Aka Ɗauka a Bakin Kabari

IYA: Alo? Salamu alaikum. Wa ke magana?

SHAFI'U: Wa alaikumus salam. Iya, ni ne, Shafi'u. Ina kwana?

IYA: Au, ɗan halak! Lafiya lau. Ku can ai yamma ta yi. Ina wuni? Ya aiki, ya mutanen Malesiya?

SHAFI'U: Lafiya ƙalau. Ya ƙafar taki?

IYA: Tana nan inda ka bar ta. Wannan ƙara fa, jirgin ne?

SHAFI'U: Ruwa ake yi. Ya su Ruƙayya matar marigayi Yaya da yara?

IYA: Marayu suna lafiya, jiya suka wuni a nan. An share maka ɗaki, na sa an yi dambun nama. Gobe ƙarfe nawa za ku sauka Kano? Alo?

SHAFI'U: Ina jin ki.

IYA: To na ji ƙarar cokula. A filin jirgin ake cin abinci haka?

SHAFI'U: Ina Chow Kit ne, a wani shagon shayi.

IYA: Kasuwar nan mai ƙarnin kifi da yayanka ya kai ni? Me mai tafiya yake yi a can? Shafi'u, ni na haife ka. Tun sallamarka na ji muryar ba daidai ba. Faɗi.

SHAFI'U: Na je filin jirgin, Iya. Da akwatuna da tsaraba da komai. Suka duba fasfo, suka ce in koma gefe. Wai sunana yana cikin waɗanda ba za su fita ƙasar ba.

IYA: Innalillahi! Me ka yi? Ƙwaya suka samu?

SHAFI'U: Haba Iya!

IYA: To mene ne?

SHAFI'U: Kotu ce ta yanke cewa na yi karayar arziki. Su a nan bankrap suke cewa.

IYA: Ban… me?

SHAFI'U: Wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Na san an kai ƙara, ban san ta kai har bakin jirgi ba.

IYA: Kai da ba ka iya rancen gishiri? Bashin wa?

SHAFI'U: Na Yaya Kalilu.

IYA: Wayyo Allah…

SHAFI'U: Iya? Layin ne?

IYA: Ina nan. Ci gaba.

SHAFI'U: Ranar da muka binne shi a nan, kin tuna abin da kika ce mini a waya? Kada a sa shi a ƙasa da bashi a wuyansa. Da liman ya tambayi mutanenmu ko akwai mai bin sa, ko wanda ya san ana bin sa, na miƙe na ce duk abin da ke kansa na ɗauka.

IYA: Ka yi abin da ƙani yake yi. Ko yau aka sake, haka zan ce maka.

SHAFI'U: Ashe katin bashi uku gare shi. Irin katin da banki ke ba ka, ka sayi abu yau, ka biya daga baya da ruwa a kai. Da suka fara bugo wayarsa, sai na kai kaina. Suka karɓe ni da shayi. Suka ce babu damuwa, a haɗa duka a mayar da sunana, in riƙa biya kaɗan-kaɗan. Na sa hannu.

IYA: Ka sa me?

SHAFI'U: Hannu.

IYA: La ilaha illallahu. Ni na ce ka ɗauka a gaban Allah, wa ya ce ka ɗauka a gaban banki? Shekara arba'in ina sayar da atamfa, ko mai dako bai taɓa ganin yatsana a kan takarda ba. Kai da digiri uku!

SHAFI'U: Ina biya fa, Iya. Sai kwalejin da nake koyarwa ta rage mini aji. Ina biyan ruwa, uwar kuɗin tana nan ba ta motsi.

IYA: To su ƙwace abin da aka jinginar mana. Mota ce ko gida?

SHAFI'U: Shi ne matsalar. Bashin kati ba shi da jingina, babu abin da za su kama. Idan ya haura ringit dubu talatin a kuɗin nan, sai su je kotu su kama mutumin. Yanzu wani ofishin gwamnati ne ke riƙe da ni. Asusuna a hannunsu, duk wata za su yanki albashi su raba wa masu bi. Masu jingina su fara ɗaukar abinsu, masu kati su raba abin da ya rage.

IYA: Har yaushe?

SHAFI'U: Sai an biya, kotu ta soke hukuncin. In ba haka ba, sai bayan shekara biyar in roƙa a sake ni. Fita kuwa sai da izininsu, kuma baƙo irina, wa zai yarda zai dawo?

IYA: Shekara biyar. Ka san shekaruna kuwa?

SHAFI'U: Wani lauya ya ce da ban sa hannu ba, babu abin da ya shafe ni. Cikin abin da mamaci ya bari ake biya, in bai kai ba banki ya haƙura. Ba a bin ƙani, ba a bin mata.

IYA: Banki ya haƙura. Lauyan naka ya taɓa shiga kabari ya ga an haƙura?

SHAFI'U: Iya, ni ne a ciki yanzu. Kullum sai na wuce ta maƙabartar a jirgin ƙasa. Shi ba ya fita ƙasar nan, ni ma ba na fita.

IYA: Rufe mini baki! Kada ka sake haɗa kanka da shi. … Tsaya. Katin nan, wani ɗan shuɗi ne mai ƙyalli?

SHAFI'U: Ɗaya daga ciki. Ya aka yi kika sani?

IYA: Lokacin da ya kai ni can aka yi mini aikin ido. A asibitin na ga ya miƙa shi, yarinya mai ɗankwali ta zura a na'ura, ta yi masa murmushi. Na ce ina kuɗin? Ya ce, Iya, a nan haka ake biya. Da idon da aka buɗe ranar na ga gumi a goshinsa, ga sanyi kamar cikin firji.

SHAFI'U: Ba shi kaɗai ba ne, akwai kuɗin makarantar yara, akwai…

IYA: Kada ka lallashe ni. Ashe duk shekarun nan da bashi nake gani.

SHAFI'U: Don Allah kada ki sa wannan a ranki.

IYA: Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Bayan rasuwarsa ina ta ganinsa a mafarki, tsaye a zaure da akwati, jiƙe da ruwa. In ce shigo mana, ba ya shigowa. Da ka ce mini ka daidaita da masu bi, ya daina zuwa. Na ce ya samu kwanciya. Makon nan ya dawo.

SHAFI'U: Yaya?

IYA: Akwatin nan ne, ruwan nan ne. Da ya ɗago kai, fuskarka ce.

SHAFI'U: Iya…

IYA: Na yi ta'awwuzi, na ce ɗokin zuwanka ne. To ba ɗoki ba ne. Ka saurare ni, kuɗin wayarka ba yawa gare su ba. Shagona na kasuwar Kwari, Alhaji Bello ya daɗe yana zawarcinsa. Yau zan aika masa.

SHAFI'U: A'a! Da shi kike ci, da shi marayun nan suke ci!

IYA: Na ba ƙasar can ɗa guda, ba zan ƙara mata ba. Ka tambayi ofishin nan nawa ne cif, har ruwan, kuma hannun wa ake ba wa. Ba bankin nan mai shayi ba.

SHAFI'U: Iya, ba zan iya…

IYA: Ban tambaye ka ba. In ruwan ya tsaya, ka ajiye akwatunan ka tafi maƙabartar. Ka tsaya inda ka tsaya ranar. Ka ce ka sauke. Ka ce bashin Kalilu, ni Daso, uwarsa, na ɗauka.

SHAFI'U: Iya… kin faɗi sunansa. Tun da nake ban taɓa jin kin faɗa ba.

IYA: Kunyar ɗan fari ta hana ni kiransa yana raye, har ta hana ni matsa masa da tambaya. Yanzu ina so ya ji da wa nake. Amma ka gaya wa mutanen nan, ni ba na sa hannu. Kana ji? Kuma dambun nan zan ajiye shi, ba ya lalacewa. Ka ci wani abu kuwa tun safe? Shafi'u? Alo? Shafi'u, ka…