Kwamfutarmu Ba Ta Gaba da Mutanen Bungudu

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Alhaji Adamu; iyayenmu sarakunan noma na Gusau da Tsafe da Bungudu; Hajiya Ladidi ta ɓangaren mata; da sauran manoma 'yan ƙungiya, barkanku da zuwa.

Na gode da aka ba ni dama. Ni ne Salisu, mai shigar da sunayenku cikin kwamfuta don rabon taki. Bokona bai yi nisa ba, amma ni ke zaune gabanta kullum.

An ce mutanen Bungudu za su fice daga ƙungiya, wai da gangan nake kashe kwamfutar idan sun zo. Jama'a, wallahi na gaji. Na faɗa a ofis, na faɗa a bakin masallaci, yau ga ni a gaban kowa: ba ni nake kashe ta ba, dalili biyu ne ke kashe ta.

Na farko, duk sunan da na buga, shirin da Malam Lukuman ya rubuta mana yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar na'urar. Yana ara, ba ya mayarwa. Mutanen Gusau su cinye da safe, na Tsafe su ƙara da hantsi. Motar Bungudu kuwa sai bayan azahar take isowa, ta tarar wuri ya ƙare, na'ura ta sandare. Sai da muka yini muna kallon wurin yana raguwa kafin Malam ya gano layin da ya manta bai rubuta a shirin ba, wanda zai riƙa mayar da wurin.

Na biyu ya fi ciwo. Gurbin da aka yanka wa suna gajere ne. Baba Sule na Bungudu ya zo, na rubuta Sule Tambaya, ya ce, "Yaro, sarautar tawa kai ka ba ni da za ka cire?" Na rubuta Alhaji Sule Tambaya Sarkin Noman Kekun Waje. Sunan ya tumbatsa, ya taka na maƙwabcinsa, komai ya mutu. Na cire sarauta, na yi rashin kunya; na saka, na yi zagon ƙasa. To ina zan sa kaina?

Malam Lukuman ya gyara na farkon, yana faɗaɗa gurbin. Roƙona ku daure zuwa kasuwa mai zuwa. Baba Sule, ka zo da sassafe, kai zan fara bugawa, da sarautarka cif, idonka na gani.

Allah ya haɗa kanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.