Ƙwan Fitilar Malam

A tashar Ƙauran Namoda na ji wannan, ina kan benci. Wata tsohuwa da buhu a gabanta, kusa da ita wani magidanci mai sayar da fitilun sola.

"Inna, mi ke ƙara cikin buhun nan?"

"Fasassun ƙwan fitila ne, ɗana. Ku kun kawo sola, kowa ya watsar da fitilar kananzir. Ɗiyata a Zurmi take daka su, ta gauraya da yumɓu ta gasa. Kofi ya fito da sheƙi, ba ya tsatsar ruwa."

"To wanga da kika naɗe daban cikin zane?"

"Na fitilar Malam ne, maigidana, Allah ya jiƙan shi. Lafiyayye ne. Sau uku ina kai shi a daka, ina dawowa da abina."

"Amin. Ai ku tsofaffi duk haka kuke. Ranar da na kai wa babana sola, na jefar da ƙwan fitilarsa a bola. Har yau yana goge gangar fitilar, ga shi an bar sayar da ƙwan a kasuwa."

"Ya yi maka faɗa?"

"Da ya yi, da na fi jin daɗi."

"Yana ina?"

"Katuru."

Tsohuwa ta miƙa masa ƙullin zanen.

"Kar ka sa shi cikin kaya. Riƙe shi a cinya, hanyar Shinkafi da ramuka."