Hular da Tsoho Bai Kai Gida Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Liman, Umda, mai unguwarmu ta Mansur, iyayenmu dattawa, Hajiya Saudatu matar marigayi, 'yarsa kuma 'yarmu Jawahir, da duk wanda ya tako zuwa nan, Allah Ya ba da ladan zumunci. Ni ne Yunus. Lungu ɗaya muka taso da Malam Tsoho a nan Makka.

Ya kasance mai mafarki ido biyu. Muna yara, kakansa kan ba mu labarin yadda ya zo Makka a ƙafa, bayan ya yi fatauci a bakin kogin Ubangi. Mu hankalinmu na kan dabinon da ke aljihun tsohon. Shi kuwa Tsoho sai ya lumshe ido, ya ce yana jin ƙamshin ruwan sama a kan ganye, a garin nan namu na duwatsu!

Mafarkin ya bi. Shekara talatin ya yi a gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen can, yana gyaran fuskokin itace na bukukuwa da kayan sarauta. In ya zo hutu mukan ce, "Ya Tsoho, ɗan Makka da wankan dodanni?" Sai ya ce, "Wallahi ban taɓa rusuna wa ko ɗaya ba. Hannun masassaƙin nake karantawa."

Ya kasance mai haƙuri. Da auduga a kan tsinke yake aiki, ya ɗan jiƙa ta da yawu, ya wuni kan wurin da bai fi farce ba.

Ya kasance mai amana, kuma nan maganata take. Akwai hular sarauta ta zaren tukurwa da fararen wuri, wadda wani maigari ya ba kakansa ajiya lokacin da Turawa ke kwashe irinta. Maigarin ya ce, "In ka dawo, ka kawo." Kaka bai koma ba, har hular ta dawo hannun Tsoho. Hajiya, kin tuna Juma'ar da kika turara ta da turaren wuta tare da rigunansa, don karramawa, wurin suka yi duhu? Wata huɗu yana gogewa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ma'alesh, ba komai, yanzu ta san ta zo Makka."

Bara ya gano ƙauyen, ya yi magana da jikokin maigarin. Sai ciwo ya kwantar da shi.

Na ji wasunmu na cewa a ƙone hular, wai kayan tsafi ce. 'Yan'uwa, na san don Allah kuke faɗa. Amma hular mutane ce, kuma amana ba ta tsufa. Jiya na kai wa Jawahir maganar, don hular tana hannunta. Ta ce, "Ammi Yunus, baffana, Hausata ma ba ta cika ba, balle yarensu. Amma khalas, shi ke nan, ni zan kai ta. Ba na so a tambayi Baba a kanta gobe ƙiyama."

Na yi kuka, ban ɓoye muku ba.

Mun gode da zuwanku. Ya Allah, Ka jiƙan Tsoho, Ka haskaka kabarinsa, Ka sauke masa nauyin da ya so saukewa, Ka kai Jawahir lafiya, Ka dawo mana da ita hannu wofi. Amin.