Idon Kwaɗo

A tashar motar garin Makhanda, wata dattijuwa ta dubi wata budurwa da ke ta murza ido.

"'Yata, kuka kika yi?"

"Rana ce, Mama. Yini nake a ɗakin duhu ina feɗe idon kwaɗo. Akwai wata iska a cikinsa da ke sanar da shi haske ya zo, ita nake aunawa. Yau aka ɗauke wuta, wani ya bar makunnin fitila a kunne. Ina tsakiyar aiki aka dawo da ita. Komai ya lalace."

"Iskar tana gyara idon mutum? Nawa ya dushe."

"Da saura, Mama."

"To, karanta min allon motar can."

"Ni ma ba na gani tukuna."